Wa ya faɗa, daga wa ya ji?

Na daɗe ina koyar da insha'i a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma na daɗe ina zaton ɗalibaina sun iya rubutun muhawara. In na ba su taken nan da aka saba, manomi da likita wa ya fi amfani, sai su cika shafi biyu. A gaida shugaba da alƙalai da mai kula da lokaci, a kawo "kowa ya sani", a kawo "masana sun ce", a ɗora karin magana, a rufe. Ni kuma in zuba maki, hankalina yana kan jarrabawar BECE da ke jiransu a aji uku.

Wata rana na tambayi wata yarinya, "Waɗanne masana?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai haka ake rubutawa." Maganar ta tsaya mini a rai, domin ni na koya mata hakan.

Sai na ba su aikin gida a kan abin da ya faru suna goye ko suna rarrafe. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli, saƙo ya karaɗe Najeriya a dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye, wai don kariya daga cutar. Na ce kowa ya tambayi na gida: kun yi? Wa ya gaya muku? Shi kuma daga wa ya ji?

Washegari allo ya cika. Umma ta ji daga Gwaggo, Gwaggo ta ji daga maƙwabciya, ita kuma ɗanta ne ya bugo mata waya da asuba. Duk layin da muka bi, a "an ce" yake ƙarewa, babu wanda ya kai ga likita. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai isnadinsa ya yanke." Daga Islamiyya ya zo da ita. Yaran nan sun san ba a karɓar hadisi sai an duba wanda ya ruwaito, sun kuma haddace aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta ce a bincika labari. Ma'aunin yana hannunsu tuntuni, ni ne ban taɓa nuna musu cewa yana aiki a kan saƙon WhatsApp ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne da wani ya ce, "Babata ta yi wankan, kuma ba ta kamu ba." Hujja ce a wurinsa, gani ya kori ji. Na tambaye shi ko wanda bai yi wankan ba a unguwarsu ya kamu. A Legas da Fatakwal cutar ta tsaya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta ƙi sallamar Sawyer daga asibiti. Killace masu cutar da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su ne ya daƙile ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Najeriya ranar 20 ga Oktoba. Gishiri kuwa asibiti ya kai wasu.

Na yi kaffa-kaffa a nan, don kada yaro ya koma gida yana raina uwarsa. Uwar da ta tashi cikin dare ta dafa ruwa, ƙauna ce ta tashe ta. Muka gwada yadda ake tambayar babba cikin ladabi: "Baba, a ina aka ji wannan?"

Yanzu kowace hujja sai an ja mata layi an rubuta madogararta a gefe, kuma dole a ware sakin layi ɗaya ga hujjar abokin hamayya mafi ƙarfi. Rubutun yarinyar nan na gaba rabin shafi ne kawai. Hujja biyu ta kawo, ɗaya daga littafin kimiyyarsu, ɗaya daga bakin kawunta manomi, ta kuma rubuta a gefe cewa shaidar mutum ɗaya ce. Ita ta ɗauki maki mafi yawa a ajin.