Neman filin sakin kare kyauta a Herndon sai da ya kai ni gaban alƙali

A gundumar Fairfax ta jihar Virginia a Amurka, inda nake zaune da iyalina a garin Herndon, ba a sakin kare a waje. Ko layin gidanku ne, ko filin ƙwallo, ko bakin daji, muddin ka fita daga shingen gidanka, doka ta ce igiya na wuyansa, ɗaya bakin kuma na hannunka. Wuraren da aka yarda ka kwance shi ya yi gudu ƙidayayyu ne. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta gundumar ce ta keɓe su, ta kewaye su da waya, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. Sun ɗan haura goma, wasu ma kusa da gidana suke. Amma kafin in san da zamansu, sai da aka miƙo mini sammaci.

Na san akwai mai tambaya, me ya haɗa Bahaushe da kiwon kare a Amurka. Gadi ne ya haɗa mu. An taɓa fasa mana mota a ƙofar gida, ni kuma aikin dare nake yi, uwargida da yara su kaɗai ke kwana. Na je gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su, na ɗauko wani baƙin kare mai ƙwari, muka sa masa suna Duna. Wurin kwanansa daban, kwanonsa daban, ba ya shiga ɗakin da muke salla. Na tashi a gidan da ake farauta, don haka kare ba baƙona ba ne. Abin da ya zo mini sabo shi ne kare marar wurin gudu. Bayan gidanmu ɗan tsuku ne, taku kaɗan ka kai shinge. Kare mai jini a jika idan bai yi gudu ba, sai ya huce a kan takalma da ƙafar kujera, da dare kuma ya hana maƙwabta barci. Zagayen unguwa da igiya ba ya gajiyar da shi, ni kawai yake gajiyarwa.

Sai na ɗauki waya na sauke wata manhaja ta masu karnuka, irin wadda jama'a ke saka wurare da kansu. Ta nuna mini alamar tafin kare a kan wani fili da bai fi tafiyar minti biyar a mota ba, har da taurari da yabo a ƙasa: wuri mai faɗi, ciyawa mai kyau, ba cunkoso. Na je na tarar da gaskiya fili ne mai kyau, ga mutane biyu can nesa suna jefa wa karnukansu ƙwallo ba igiya. Babu shinge, amma ganin manhaja ta faɗa, ga kuma 'yan ƙasa suna yi, sai na kwance Duna. Na daɗe ban ga farin cikin dabba irin na ranar ba. Muka mai da wurin namu, kullum da safe idan na taso aiki.

Ranar da jami'in kula da dabbobi ya zo, ni kaɗai ne a filin. Bai ɗaga murya ba, bai wulaƙanta ni ba. Ya ce in kama karen, ya duba lambobin wuyansa, ya nemi lasisin tuƙina. Na buɗe wayar na nuna masa alamar. Ya duba, ya ce wannan ba taswirar gunduma ba ce, filin nan na wasan yara ne, kuma mazauna wurin ne suka kira. Ya rubuta takarda, ya nuna mini inda zan sa hannu da ranar da zan je kotu.

A lokacin na ɗauka irin tikitin ajiye mota ba daidai ba ne, a biya a manta. Da na isa gida na karanta takardar a natse, gabana ya faɗi. Sakin kare a gundumar nan laifi ne da ke cikin rukuni na 4 na ƙananan laifuffuka a dokar Virginia. Babu ɗauri a cikinsa, tarar kuma ba ta wuce dala 250. Ga ɗan ƙasa wannan ba wani abu ba ne. Ni kuwa katin zama na dindindin gare ni, ina shirin neman zama ɗan ƙasa, kuma fom ɗin da ake cikawa, N-400, yana tambaya ƙarara ko wani jami'in tsaro ya taɓa kama ka, ko tsare ka, ko ba ka sammaci. Shekara da shekaru ina lallaɓa takarduna, ba na gudu da mota, ba na wasa da haraji, sai ga shi zan amsa "e" a wannan layin saboda kare ya bi ƙwallo a kan ciyawa.

Uwargida ta ce, "Maigida, kada ka taɓa komai sai ka ga lauya." Wani dattijo da muke salla masallaci ɗaya, wanda ya riga ni zuwa ƙasar nan da nisa, shi ma ya ce, "Malam, a nan ƙaramar takarda ba ta ƙarama. Je ka biya a duba maka." Na je. Lauyar shige da fice ta kwantar mini da hankali, ta ce laifi irin wannan shi kaɗai da wuya ya hana mutum zama ɗan ƙasa, amma dole in bayyana shi, domin ɓoyewar ta fi laifin haɗari nesa ba kusa ba. Ta ce in je kotu ranar da aka sa, in biya abin da aka yanke, in karɓi kwafin hukuncin mai hatimi in adana. Haka na yi. Tarar ba ta yi yawa ba. Kuɗin kotu ya hau kai, kuɗin ganin lauya ya ninka su duka, ga aikin da na rasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, na sani, amma har yau idan na lissafa abin da neman filin kyauta ya ci mini sai raina ya ɓaci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauƙin gano wuraren na gaskiya. Shafin intanet na gundumar yana da jerinsu, kowanne da adireshinsa da dokokinsa. Jami'in ne ma ya gaya mini kafin ya tafi. Duk wanda zai nemi irin wannan fili, a kowane gari yake a Amurka, ya fara da shafin gundumarsa ko na hukumar garinsa, ya bar manhajojin da kowa ke iya dasa alama a cikinsu. Idan ya isa wurin kuma ya nemi abu biyu: shinge da ya zagaye filin, da allon hukuma a bakin ƙofa mai ɗauke da dokoki. Na gaskiyar yawanci ƙofa biyu gare su a jere, kamar zaure: ka shiga ta farko ka rufe, ka cire igiya, sannan ka buɗe ta biyu. Filin da na ɗauka nawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ganin wasu sun saki nasu karnukan kuma ba hujja ba ce, su ma karya dokar suke yi, ranarsu ce ba ta zo ba.

Filin hukuma na farko da na je shi ne na Chandon, a cikin Herndon ɗin kanta. Da na ga kusancinsa da gidana sai da na zauna a mota na ɗan jima ban fito ba, don takaici. Ba shi da girma sosai, amma ya ishi kare ya zazzage ƙarfinsa, kuma masu zuwa da safe sun san juna. Na Baron Cameron da ke Reston ya fi shi cika, yana da ɓangaren ƙananan karnuka daban. Maƙwabtan wurin sun taɓa kai ƙara kotu saboda haushin karnuka, don haka ana kiyaye lokacin buɗewa da rufewa, kada ka je da asuba ka ce za ka shiga. Akwai na Rock Hill a Chantilly, da na Blake Lane a Oakton, da na South Run a Springfield ga wanda ke kudancin gundumar. Kada ka sa ran ciyawa. Da yawansu dakakken dutse aka zuba, domin ciyawa ba ta jure ƙafafun karnuka. Da rani ƙura, bayan ruwan sama caɓi, shi ya sa tsohon tawul ba ya barin bayan motata.

Wanda Duna ya fi so shi ne na Shirlington, a gundumar Arlington, can wajen Washington. Doguwar hanya ce a gefen rafin Four Mile Run, kare ya yi ta gudu har ya gaji, masu son ruwa su faɗa rafi. Shi ma kyauta ne. Sai dai ba na barinsa ya shiga ruwan bayan an yi ruwan sama, saboda dattin kwatocin gari a nan yake sauka, kuma ta gefen rafin ba a rufe yake ruf ba. Karen da ba ya amsa kira, wurin nan ba nasa ba ne tukuna. Ranar Asabar da hantsi kuwa samun wurin ajiye mota aiki ne.

Shiga kyauta ne, amma da sharuɗɗa. Dokar Virginia ta wajabta wa duk karen da ya kai wata huɗu allurar rigakafin haukan kare da lasisi. A Fairfax lasisin dala 10 ne a shekara, ana sabunta shi a watan Janairu, kuma likitan dabbobi da ya yi allurar yana sanar da hukuma, don haka ba a ɓoye kare. Lambobin biyu su kasance a wuyansa. Da a ce babu su a wuyan Duna ranar da jami'in ya zo, da laifi biyu zan kai gaban alƙali, da kuma layi biyu zan yi wa jami'in shige da fice bayani. Wannan kaɗai nake tunawa in ji sanyi. Sauran dokokin suna kan allo: mutum ɗaya kada ya wuce kare biyu, ɗan kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba ba ya shiga, karyar da ke neman namiji ba ta shiga, ƙananan yara ma ba a shiga da su. Wannan ta ƙarshen ta ba 'yata ƙarama haushi, amma na ga yadda manyan karnuka ke banke mutum idan suna tsere, ban ga laifin dokar ba. Igiya na hannunka ko da ka kwance shi, kashinsa kuma kai za ka kwashe. Ina ƙarawa da allurar tarin karnuka da maganin kaska, domin kaskar yankin nan na ɗauke da cutar Lyme, kuma ruwan sha daga gida nake kai masa, tunda ana rufe famfo idan sanyi ya yi tsanani.

Kada kuma wani ya ɗauka ko'ina haka yake. Da ka tsallaka Maryland, akwai wuraren da sai ka yi rajista ka biya, kamar filin Worthington a gundumar Howard. Wasu filin karen kyauta ne amma yana cikin babban wurin shaƙatawa da ake biyan kuɗin shiga da mota. Wuraren gwamnatin tarayya, irin su Great Falls a bakin kogin Potomac, ana shiga da kare amma da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa ta W&OD mai tsawon mil 45, wadda ta ratsa tsakiyar Herndon, ita ma da igiya ake bin ta. Duk waɗannan za ka gan su da alamar tafin kare a waya, domin an yarda kare ya je. Yarda ya je daban, yarda a sake shi daban, kuma manhajar da na bi ba ta raba su ba. Wanda karensa ba ya shiri da sauran karnuka, akwai manhajar Sniffspot, inda masu gida ke ba da hayar bayan gidansu da awa. Kuɗi ne, amma ko kusa bai kai kuɗin lauya ba.

Yanzu Chandon muke zuwa ranakun aiki da zarar an buɗe, Shirlington kuma idan na samu hutu. Duna ya daina cin takalma, maƙwabta sun daina kallona a karkace. Lokacin da jama'a ke tasowa aiki da yamma ba na zuwa, don a lokacin ne fili ke cika, masu karnuka na kallon waya, faɗa ya tashi ba wanda ya ga mafarinsa. Idan na ga wani kare ya ƙame, wutsiya a miƙe, yana bin Duna ba ƙaƙƙautawa, ba na jiran mai shi ya ankara, fita muke yi.

Na rubuta wa masu manhajar nan, na tura musu hoton sammacin, na roƙe su su cire alamar daga wancan filin. Ba su amsa ba. Na sa nawa gargaɗin a ƙarƙashin yabon da ke wurin, da manyan baƙaƙe, na faɗi rukunin laifin da yawan tarar. Da na duba a makon jiya, alamar tana nan daram, har wani ya ƙara mata tauraro biyar yana cewa wurin ba cunkoso.