Ranar da na kai 'yan jiragena taron fasaha

Asabar, bayan isha'i.

Har yanzu yatsuna warin dalma suke yi. Tun daren jiya nake cajin batura, guda 14, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba, kuma minti 3 zuwa 4 kawai yake riƙe ɗan jirgina marar matuƙi (drone) a sama. Da hantsi ni da ƙanena muka tari adaidaita, jaka a cinya.

Lungu aka ba mu can kusa da ƙofar baya, tsakanin masu manhajar tura kuɗi da wani mai sayar da sola. Muka kewaye wurin da raga, muka rataya tsofaffin tayoyin keke biyu don jirgin ya riƙa ratsawa. Babban jirgin, mai farfela inci 5, na ɗora shi a tebur don kallo kawai, har farfelar na cire. In ta yanki mutum sai an yi masa ɗinki. Ƙaramin na tayar, faɗinsa milimita 65, nauyinsa bai kai giram 30 ba, farfelunsa a cikin zobe, ko ya daki goshin wani dariya za a yi.

Tambayoyin mutane ba sa wuce uku: nawa ne, kana ɗaukar biki, zai iya shiga daji ya gano maɓoyar 'yan bindiga? Na gaji da bayanin cewa wannan ba irin DJI na masu hoton biki ba ne, wanda ke tsayawa cak ko ka saki rimot. Nawa in ka karkata shi, a karkace zai ci gaba har sai ka dawo da shi da hannunka. 'Yar kyamara ce a gabansa take aiko hoto cikin tabarau, kai kuma ka ji kamar a cikinsa kake zaune. Watanni na yi ina faɗuwa a wasan kwaikwayon tuƙi na kwamfuta kafin na yarda na taɓa na gaske.

Bayan azahar aka samu matsala. Wani bawan Allah a ɗaya ɓangaren ya kunna nasa a tashar da nake kai, a zangon aiko hoto na 5.8 GHz da duk muke rabawa. Hoto ya dagule mini kamar tsohuwar talabijin, sai ji na yi jirgin ya daki ƙarfen raga. Waya ɗaya ta inji ta tsinke. Raina ya ɓaci, don da ya tambaya da mun raba tasha.

Abin mamaki, gyaran ya fi tashin tara jama'a. Wani mai gyaran waya daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya tsaya yana kallon yadda hannuna ke rawa, can ya ce, "Malam, kawo nan." Cikin minti biyu ya like ta, likin ya fi nawa tsafta nesa ba kusa ba. Ya juya allon jirgin yana karanta sassan ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai rabinsu ya san su. Mun karɓi lambar juna.

Sai wani dattijo mai babbar riga, tun ɗazu yana gefe hannu a baya. Na ce, "Baba, ko za a gwada?" Ya ce, "Yaro, kar ka jefa ni ƙasa." Na zaunar da shi, don jiri yakan kama mutum a karon farko, na sa masa tabarau na biyu. Da na ratsa tayar farko sai ya damƙe kujera yana salati. Na zagayo ta samansa a hankali. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, ashe tun safe hulata a karkace take, ba wanda ya gaya mini!" Ya gyara ta yana kallon kansa daga sama.

Da ya cire tabarau ya tambaye ni ko ina da izini. Na ce shi ya sa nake cikin ɗaki, cikin raga. A fili kam tun 2016 sai da amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ya ce ya ji labarin masu kai magani asibitocin karkara a Kaduna. Na ce kamfanin Zipline ke nan, nasu mai fukafukai ne, nawa kuwa ko ƙwayar farasitamol da ƙyar zai ɗauka.

Na sauke cajin baturan zuwa volt 3.8 kafin in ajiye. Ɗaya ya kumbura, yana cikin gwangwanin yashi a tsakar gida, na gargaɗi yara kar su taɓa.