Birkin da muke tsoro

Ranar farko a filin horon tuƙin babur, wanda zai tantance mu, wani dattijo Bayarabe marar yawan magana, ya ajiye tsofaffin tayoyi biyu ya ce in taho da gudu in tsaya tsakaninsu. Na yi dariya a zuci. Shekara tara ina acaɓa tsakanin Agege da Ikeja a Legas, na sha goya mace da buhun shinkafa da yara biyu a sawu ɗaya, yau ni za a gwada da tsayawa? Na taho, na taka birkin ƙafa, tayar baya ta ja ƙasa, na zarce da kusan tsawon mota. Ya dubi hannuna na dama, inda birkin gaba yake, ya ce, wannan kuma wa kake ajiye wa?

Dokar hana okada, wato acaɓa, ce ta kai ni can. Daga 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, a Satumba aka ƙara huɗu, cikinsu da Mushin da Oshodi-Isolo. 'Yan'uwa da yawa suka loda baburansu a tirela suka koma gida. Ni na shiga wani kamfanin kai saƙo, tunda doka ta bar masu kai saƙo su yi aiki da babur mai injin 200cc zuwa sama. Daga baya suka nemi mai jin Hausa da zai riƙa koyar da sababbi, aka tura ni horo.

Mu dai tun muna yara aka ce mana birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu kan bar shi ya lalace ba su gyara ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in ka cafke shi gaba ɗaya, ko kan mashin na karkace, ko kana kan yashi, ƙasa za ka sha. Amma da zarar ka fara tsayawa, nauyin babur da naka duk gaba suke komawa, tayar baya ta yi sakayau. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaban yake. Matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, kamar mai tatsar lemon tsami, ƙafa na taimakawa. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki zai ci kafin ka tsaya ninki huɗu take yi. Da na ji wannan sai na tuna abokan da na je dubawa a asibitin ƙashi na Igbobi.

Wannan ma mai sauƙi ne. Inda na sha wuya shi ne da aka ce in bayyana yadda ake tashi da babur. Hannuna ya san inda kuloci yake fara kamawa, bakina bai sani ba. Ni yayana ne ya ɗora ni a filin ƙwallo, ya ce "saki a hankali", ya koma inuwa, katangar makaranta ta ƙarasa darasin. A gwajin koyarwa na farko na faɗi. Na zuba wa ɗalibin magana goma a numfashi ɗaya, da ya rikice na daka masa tsawa, na karɓe mashin na nuna masa iyawata. Dattijon ya ce yaron ya ga ni gwani ne, amma shi me ya koya?

A karo na biyu abu ɗaya nake bayarwa, sai ya zauna in ƙara wani. A tura babur inji a kashe, a san nauyinsa. A tayar, a saki kuloci har ya fara ja, a sake riƙewa, ƙafafu a ƙasa, sau ashirin in ta kama. Sannan ido: wanda ya ƙura wa kwata ido, kwata zai faɗa, don haka nakan tsaya a inda nake so ya nufa in ce ya dube ni. Hular kwano kuwa, tun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ta, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don raini, ba mu daina wasa da ita ba. Wanda bai ɗaure igiyar haɓa ba, ba ya taɓa mini makulli.

Wanda bai taɓa hawa ba ya fi daɗin koyarwa. Tsofaffin hannu irina su ne aiki. Wani yaro ɗan Sakkwato ya zo, kafin in juya ya kwance madubai biyu ya zuba a aljihu.

"Malam, a gosulo tare hanya suke yi."

"To ƙanena, motar danfon da ke bayanka da ƙeya za ka gan shi?"

Ya mayar da su yana gunaguni. Ban matsa masa ba, don ni ma har yau in mota ta yanko mini a Iyana Ipaja, ƙafata kan riga hannuna. Duk Asabar kafin ɗalibai su iso nakan ajiye tayoyin nan biyu in yi tsayawa goma ni kaɗai.