Talata: Yaron da Ke Neman a Kore Shi daga Aji

Tun safe hankalina yana kan yaro guda cikin ɗalibaina 'yan aji uku, mai shekara takwas, wanda malamai suka riga suka yanke masa hukuncin cewa ba ya jin magana. Tun farkon zangon nan, duk lokacin da ya hargitsa aji nakan rubuta abu uku a bayan littafin darasina: abin da ya faru kafin ya fara, abin da ya aikata, da abin da ya biyo baya. Yau kafin a kaɗa ƙararrawa na karanta shafukan a jere, sai na ga abin da ba ya bayyana ga wanda ke tsakiyar hayaniya. Yaron ba ya fitina a darasin lissafi, haka ma a lokacin zane. Rigimarsa tana tashi ne da zarar an ce a buɗe littafi za a yi karatu a bayyane ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kullum ƙarshenta guda ne, wato a ce ya fita waje. Ashe horon da ake yi masa shi ne ainihin abin da yake nema, domin korar tana kuɓutar da shi daga jin kunya a gaban 'yan uwansa.

Da darasin karatu ya zo na zuba masa ido. Saura yara biyu layi ya zo kansa ya fara ƙwanƙwasa tebur da rula, sannan ya fizgi jakar na kusa da shi, ya ɗago yana kallona yana jiran in nuna masa ƙofa. Na bar mai karatu ya ci gaba, na taka na tsaya kusa da shi, na ɗora yatsa a kan layin farko, na ce masa a hankali, "Wannan layin kaɗai za ka karanta, kuma ni kaɗai zan ji." Ya daɗe shiru, sannan ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana rikita b da d, yana cije leɓe a kan kalma mai gaɓa uku har ya fitar da ita. Na ce masa na ga yadda ya dage a kan kalmar bai sake ta ba. Yabo irin wannan, mai faɗin takamaiman abin da yaro ya yi, ya fi "yaron kirki" amfani nesa ba kusa ba, don yana nuna masa abin da zai maimaita gobe.

Bayan an tashi mahaifiyarsa ta zo, kamar yadda na roƙa. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malama, me ya sake yi kuma?" Na ce, "Hajiya, yau karatu ya yi mini, zauna mu yi shawara." Da ta saki jiki ta ba ni labarin gida: ya nemi wayarta ta hana, ya fara kuka, ta daka masa tsawa, ya faɗi ƙasa yana birgima, daga ƙarshe ta miƙa masa don a samu lafiya. Wannan shi ne zagayen da Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan Adam a jihar Oregon ta Amurka, ya bayyana bayan nazarin iyalai a cikin gidajensu: yaro ya koyi cewa ƙara ihu yana biyan buƙata, uwa kuma ta koyi cewa sallamawa tana kawo shiru, sai kowa ya horar da ɗan uwansa ba tare da ya sani ba. Ta ce ai ba kullum take ba shi ba. Na gaya mata cewa nan ne gizo ke saƙar, domin tun gwaje-gwajen B. F. Skinner, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, aka san cewa ɗabi'ar da ake saka wa da lada jefi-jefi ta fi wuyar kankarewa a kan wadda ake saka wa kullum.

Mahaifin kuwa bulala ya sani, kuma hujjarsa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban musa karin maganar ba, sai dai duka yana tsayar da rigima na ɗan lokaci ne kawai, ba ya koya wa yaro abin da zai yi a madadinta, balle ya koya masa karatu. Ƙasar Suwidin ce ta fara haramta dukan yara a gida a shekarar 1979, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta shawarci iyaye su bar shi a 2018. Na kuma tambayi lokacin barcinsa, ta ce yakan kai tsakar dare da waya a hannu, alhali masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12.

Mun tsayar da magana a kan kati ƙarami da zai riƙa kaiwa da komowa tsakanina da ita kowace rana, ɗauke da buri biyu kacal: ya zauna a kujerarsa lokacin karatu, kuma ya bar kayan wasu. Idan ya cika su zai sami wayar na ɗan lokaci kafin duhu, idan bai cika ba babu faɗa babu duka, sai gobe. Na ja kunnenta cewa a kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, saboda zai gwada ko tsohuwar dabarar tana nan, kuma idan ta sallama a wannan gaɓar ta koya masa ihu mafi ƙarfi ke nan. Na roƙe ta ta kai shi a duba idonsa da kunnensa, ta kuma zo da mahaifin a zama na gaba, don tsarin ba zai yi aiki ba idan ɗaya yana hanawa ɗaya yana bayarwa.

Yanzu da dare na yanka katin na ja masa layuka, na kuma kwafe sakin layin da za mu karanta ranar Alhamis da manyan haruffa. Gobe da safe zan ba shi ya tafi da shi gida ya yi bita, sannan in sanar da shugabar makaranta cewa ina son a auna matakin karatunsa.