Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Maganar Goggo

Makon jiya na tsaya a ƙofar likita, ranar da Yaya ta matsa mini sai na je an duba ciwon kan da ya ƙi barina. Amma ba za ku gane abin da ya faru a ɗakin ba sai na sake komawa kan Goggo, ko da wasunku sun gaji da jin zancenta.

Ban wuce shekara 12 ba ta dube ni a gaban baƙi ta ce, "Wannan dai jiki ya riga hankali." Aka kwashe da dariya. Inna ma ta yi murmushi, kuma har yau murmushin nan ya fi maganar ci mini rai, duk da na san gudun rigima da yayar mijinta ne ya hana ta tankawa. Tun daga ranar na daina tsayawa a gaba idan za a ɗauki hoto. Na daina gudu a filin makaranta, ni da nake son gudu, don kada a ga jikina yana rawa. Maganar da aka yi wai don in rage ƙiba ita ce ta fara zaunar da ni wuri ɗaya.

Na yi karatu, na yi aure, na haihu. Abin da na fi tunawa a shekarun nan shi ne sikelin da ke ƙarƙashin gado. Kowace safiya shi yake yanke mini hukunci, ko in wuni da fara'a ko in wuni da ƙunci. Na sha zama da yunwa har jiri ya ɗebe ni, na sha shayin rage ƙiba da ba ya komai sai gudawa. In rame, in dawo, in ma wuce inda nake. Duk dawowa sai in ji muryarta: jiki ya riga hankali. Sai da na girma na san cewa idan mutum ya rame da yunwa, jiki kan rage ƙarfin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara masa jin yunwa. Halitta ce, amma ni an sa na ɗauka rashin hankali ne.

To, mu koma wurin likita. Ya auna jinina, ya ce daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, nawa kuwa ya haura. Sukari yana bakin iyaka. Ya lissafa abin da suke kira BMI, wato a raba nauyi na kilo da tsawo na mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce wannan lissafi wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi tun ƙarni na 19 don nazarin jama'a, lissafin kuma bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ya ɗauko tef ya auna ƙuguna, ya ce kitsen ciki ne ya fi damunsa, abin so kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

"Malama, ba siranta nake nema miki ba," in ji shi. "Jininki nake so ya sauka." Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002: masu haɗarin ciwon sukari da suka gyara cin abinci, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 kacal! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina son in raba jikina biyu. A nan hawaye ya zubo mini, Yaya ta riƙe hannuna ta ce, "Ya isa haka, ƙanwata."

Na fara tafiyar ƙafa da yamma, ina shan maganina, ina ci in ƙoshi ba tare da ɓoyewa ba, ina barci da wuri. Sikelin na ba da shi kyauta. Har yanzu ni mai jiki ce, kuma ina faɗa da bakina. Amma jinina ya sauka, ina hawa bene ba haki, kuma hoton da ya fi kowanne girma a falona ni ce a tsakiya.

Goggo ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Zuwanta na ƙarshe ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Har yanzu dai?" Na ce, "Lafiya lau nake, Goggo, likita ma ya shaida." Na yi haƙuri da wannan. Abin da ban yi haƙuri da shi ba shi ne da ta juya kan Auta, yarinyar da ko firamare ba ta gama ba, ta buɗe baki da maganar nan dai. Ni ban yi murmushi ba. Amsar da na ba ta, da yadda Baba ya kira ni washegari, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.