Isna, garin da jiragen Nilu ke ratsawa ba su tsaya ba

A takardar tsarin tafiyar da kamfanin yawon buɗe ido ya ba mu, Luksor ta ci shafi guda, Aswan ta ci shafi guda, Idfu da Kom Ombo kowa ya samu rabonsa. Isna kuwa rabin layi aka ba ta, wai jirgi zai bi ta madatsar ruwanta. Haka yawancin manyan jiragen shaƙatawa da ke zirga-zirga a kogin Nilu na Masar tsakanin Luksor da Aswan suka ɗauke ta: ƙofa ce da ake bin layi a wuce, sau da yawa ma cikin dare, fasinjoji na can suna cin abinci. Mu ma cunkoso ne ya yi mana rana. Jirage sun taru a bakin mashigar, ba mu samu wucewa ba sai da dare ya raba, don haka shugaban jirgin, wanda ma'aikata ke kira Rayyis, ya ɗaure a gaɓar garin ya ce sai hantsi ya ɗaga za a tashi.

Isna na yammacin kogin, kimanin kilomita 55 kudu da Luksor. Madatsun ruwa biyu gare ta: tsohuwar da aka kammala a 1908 zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da Masar, da sabuwar da aka gina a shekarun 1990. Ruwan da ke kudu da madatsar ya fi na arewa tudu, saboda haka jirgin da ya fito daga Luksor sai an ɗaga shi. Yakan shiga wani dogon rami mai bangon siminti, a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa, a sako ruwa, kana tsaye a saman jirgi ka ga bangon da ya fi ka tsawo yana ta nutsewa har ka dawo kana kallon kansa. Daga nan a buɗe ƙofar gaba.

Kafin a kai ga wannan, akwai kasuwar da ban taɓa ganin irinta ba. Da jirgi ya rage gudu sai samari su fito cikin ƙananan kwale-kwale, su ɗaura igiya a jikinsa, su fara jefo jallabiya da mayafai da ƙyallen shimfiɗa tebur a cikin leda, tun daga ruwa har saman bene na huɗu ko na biyar, kuma da wuya su kuskure. In kana so, ka yi ciniki da ihu da yatsu, ka sa kuɗin a ledar ka jefa musu. In ba ka so, ka mayar da kayan. Uwargida ta taya wani mayafi, yaron ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa, ta ɗaga ledar za ta jefa masa abinsa, nan take ya sallama. Ta juyo ta ce, "Malam, ai waɗannan ba su san da 'yar kasuwa suke magana ba."

Bayan sallar asuba na tambayi mai rakiyarmu ko za mu iya sauka. Ya ɗan yi jim, don Isna ba ta cikin aikin da aka biya shi, sannan ya ce, "Ya Hajj, ku je, amma ku dawo kafin ƙarfe goma. Rayyis ba ya jiran kowa." Na karɓi katin jirgin mai ɗauke da sunansa da lambar waya. Wannan kati yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin jiragen kan ɗaure ne gefe da gefe, uku ko huɗu a jere, sai ka ratsa ta cikin na wasu kafin ka taka ƙasa, kuma kafin ka dawo mai yiwuwa jerin ya canza.

Daga bakin kogi zuwa tsohon wurin bautar mutanen da, wanda garin ya shahara da shi, tafiyar 'yan mintuna ce, ta cikin wata rufaffiyar kasuwa ta masu sayar wa baƙi tsaraba. Da sassafe rabin shagunan na kulle. Muna fita daga cikinta sai ga ƙaton rami a tsakiyar unguwa, gidaje sun kewaye shi, ginin kuma yana can ƙasa, rufinsa kusan daidai da titin da muke tsaye. Zurfin ya kai mita 9. Ba haƙa rami aka yi aka gina shi ba, garin ne ya hau. Ƙarni bayan ƙarni gidan tubalin laka ya rushe a gina wani a kansa, shara ta taru, kogi ya kawo nasa taɓon, har ƙasa ta kusa shanye ginin. Wanda ya san tsofaffin lungunan birnin Kano, inda za ka taka ƙasa kafin ka shiga zauren da a da yake daidai da hanya, ya san yadda abin ke faruwa, sai dai a nan an yi kusan shekara 2,000 ana tarawa.

Abin da aka tono zauren gaba ne kawai. Sauran wurin na nan binne ƙarƙashin gidajen mutane. Zauren yana da ginshiƙai 24, kowanne ya haura mita 13, kawunansu an sassaƙa su da siffar ganyen dabino da furanni da 'ya'yan inabi, kusan kowanne da irin nasa. An fara gina shi zamanin sarkin Rum Kalaudiyas, a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, aka ci gaba da zane-zanen bango har zuwa zamanin sarki Desiyas wajen shekara ta 250. Wato lokacin da aka yi shi, mulkin Fir'aunoni ya daɗe da shuɗewa, amma za ka ga sarakunan Rum an zana su cikin shigar Fir'auna suna miƙa hadaya. Abin bautar wurin shi ne Khnum, mai jikin mutum da kan rago, wanda mutanen wancan zamani suka ɗauka shi ke gina ɗan Adam da yumɓu yadda magini ke gina tukunya. Akwai wani rubutun yabonsa da aka yi kusan gaba ɗaya da hoton raguna, wani kuma da hoton kada, wasan gwaninta na malaman wurin. Girkawa kuma Latopolis suka kira garin, saboda giwan ruwa da ake girmamawa a nan, har an samu maƙabartarsa a yammacin gari.

Launin ne ya tsayar da ni. A ƙarni na 19, zamanin Muhammad Ali mai mulkin Masar, an mayar da zauren rumbun auduga, kuma kafin nan da bayan nan hayaƙi da ƙura da kashin tsuntsaye sun yi masa baƙin lulluɓi. Daga 2018 ma'aikatar kayan tarihi ta Masar da Jami'ar Tübingen ta Jamus suka shiga goge shi a hankali, taƙi bayan taƙi, sai ga ja da rawaya da shuɗi sun fito kamar bara aka shafa, har da zanen taurari da burujai a jikin rufi. A Karnak, babban wurin bautar da ke Luksor, mun sha turereniya, kowa na ɗaga waya sama da kan wani. A nan daga mu sai wasu Turawa biyu da mai gadi. Ni dai a ganina, wanda ke son ya ga yadda waɗannan wurare suke lokacin da fentinsu ke ɗanye, Isna ta fi masa Karnak.

Amma da a nan muka tsaya muka koma jirgi, da ba mu ga garin ba.

Dab da ramin akwai Wakalar Jiddawi, masaukin fatake da Hasan Bey al-Jiddawi ya gina a 1792. Ƙofarta an yi mata ado da jan tubali da baƙi, ciki kuma fili ne a tsakiya, ɗakunan ajiye haja a ƙasa, na kwanan baƙi a sama. Ayarin raƙuma daga Sudan kan sauke a Isna, da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina, su ɗauki tufafi su koma. Da bayi ma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, duk da cewa mai yi mana bayani ya bi ta kansa da sauri. Ginin ya daɗe a kulle yana lalacewa kafin a gyara shi a buɗe a 2021, cikin wani aikin farfaɗo da tsohon garin da ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 2025. Abin da ya burge ni da aikin shi ne ba a kori masu shaguna an mayar da unguwar wurin kallo ba. A kasuwar Ƙaisariyya da ke kusa, teloli na nan kan kekunansu suna ɗinka jallabiya, masu ƙyalle na auna yadi, kuma masu sayayyar 'yan gari ne.

Bambancin kasuwannin biyu a fili yake. A ta bakin kogi, kafin ka ɗaga ido an ce maka "Najeriya? Sudan? Zo ka gani, kallo kyauta ne." A Ƙaisariyya ba wanda ya ja hannuna. Na yi sallama a shagon wani dattijo mai farin rawani, ya amsa cikakkiya, ya tura yaro ya kawo shayi tun bai san ko zan sayi wani abu ba. Ɗan Larabcin da na koya a makarantar zaure ya ba shi dariya, ya ce ina magana kamar mai huɗuba, amma mun fahimci juna. Da ya ji daga ƙasar Malikawa nake, sai ya ce, "Ya Shaikh, ai garin Ibnul Hajib ka zo."

Nan na gyara zama. An haifi Ibnul Hajib a Isna a shekara ta 570 bayan Hijira, ya yi karatu a Alƙahira, ya koyar a Dimashƙa, ya rasu a Iskandariya a 646. Shi ne mai Kafiya a nahawu da Shafiya a sarafu, kuma a kan Mukhtasar ɗinsa na fiƙihu ne Shehu Khalil ya rubuta sharhin Taudihi, kafin ya yi nasa Mukhtasar ɗin da malamanmu ke biyarwa a zaure har gobe. Duk almajirin da ya kai ga Khalil ya sha daga rijiyar mutumin Isna, ko ya sani ko bai sani ba. Garin kuma shi ya haifi Jamaluddin al-Isnawi, babban malamin Shafi'iyya na ƙarni na takwas na Hijira. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a takardar kamfanin, kuma ban ga laifinsu sosai ba: an tsara ta ne don baƙon da ya zo ganin Fir'auna.

Dattijon ne ya nuna mana hasumiyar Amriyya, ta tubali, wadda aka gina a 474 bayan Hijira, wato 1081, zamanin Faɗimiyyawa. Tsohon masallacin da take jikinsa babu shi, an sake gini, ita kaɗai ta rage. Ya kuma sa jikansa ya raka mu wani tsohon gidan matsar mai da ke cikin lungu, inda ake niƙa riɗi da irin latas da dutse, a matse da dungun katako. Man latas na daga cikin abubuwan da aka san Isna da su. Ɗakin duhu ne, bango da ƙasa duk sun sha mai, ƙamshin riɗi ya cika ko'ina. Uwargida ta sayi kwalba biyu, ta sa aka naɗe bakinsu da leda sau uku saboda akwati.

A hanyar dawowa mun wuce mata sun jera curin ƙullu a kan faifai a rana yana tashi, burodin da mutanen kudancin Masar ke kira aish shamsi. Mun sha ruwan rake da aka matse a gabanmu, don yankin ƙasar rake ce, mun sayi zoɓo busasshe a farashin da bai kai rabin wanda aka faɗa mana a Luksor ba. Matan nan ba mu ɗauke su hoto ba. Sa'idawa, wato 'yan kudancin Masar, mutane ne masu karamci amma masu kishin iyali, kuma sallama da tambaya kafin a ɗaga waya ba ta rage wa kowa komai.

Ƙananan kuɗi na da muhimmanci a irin wannan yawo. Mai gadin da ya haska maka zane da tocila, yaron da ya raka ka lungu, mai kula da takalma a masallaci, kowa na sa ran ɗan tukuici, kuma in babbar takarda ce a hannunka ba za ka ga canji ba. A gefe guda, wuraren tarihi da yawa a Masar sun koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki, don haka a riƙe duka biyun. Mai keken doki ko ɗan adaidaita sahu kuma a gama magana da shi kafin a hau, a faɗi kuɗin a fili, a tabbatar fam na Masar ake nufi, kuma na zuwa da dawowa ne. Cikin tsohon garin Isna ma ba a bukatarsu, ƙafa ta isa, lungunan ba su da faɗin da za su ɗauke su.

Mun iso bakin kogi da sauran kusan rabin awa, muka tarar jirginmu ya koma na uku a jere. A teburin abincin rana maƙwabtanmu suka tambayi inda muka shiga, don su sun kwana sun tashi suna zaton tashar jira ce kawai.

Wanda ke shirin irin wannan tafiya kuma yana son ganin Isna, kada ya dogara da sa'ar cunkoso irin tamu. Ya tambayi kamfanin tun kafin ya biya ko jirgin na ɗaurewa a garin da rana, kuma awa nawa, ya sa a rubuta masa, domin "za mu bi ta Isna" ba ya nufin za a sauka. Ƙananan jiragen filafilai da ake kira dahabiyya da yawansu daga Isna suke tashi zuwa Aswan, kuma sukan fara da zagaya garin, sai dai sun fi manyan tsada nesa ba kusa ba. In aljihu bai kai nan ba, mota daga Luksor ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna. A fita bayan asuba, a fara da wurin bautar kafin rana ta sauka cikin ramin, a bar Ƙaisariyya sai hantsi lokacin da teloli suka buɗe.