Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kiwon Abin da Ido Bai Gani

Makon jiya na tsaya a ranar da na ci bak, jarrabawar gama lise, Kawu ya tara gida don a ji abin da zan karanta a Yamai. Da na ce ilimin ƙananan halittu, sai ya aje kofin shayi ya ce, "Ɗiyan mutane na tahiya su zama likita, kai za ka tahi kiwon abin da ido bai gani." Ɗansa, kun san wanda nake nufi, ya fi kowa dariya.

Na yi karatuna, na dawo Tawa ina koyarwa a lise, na yi aure.

A 2022 wani tsohon ɗalibina ya turo mini labarin aikin kamfanin LanzaTech da Jami'ar Northwestern ta Amurka. Bakteriyar da suka yi aiki da ita, Clostridium autoethanogenum, a kashin zomo aka fara gano ta, a 1994. Da Kawu ya ji wannan, da na shiga uku. Abincinta iska ne: kabon monoksaid, ko kabon dayoksaid haɗe da haidurojin, kuma ba ta jure iskar oksijin. Etanol, wato barasa, take fitarwa a ɗabi'arta, tun 2018 ma ana ciyar da ita hayaƙin wata masana'antar ƙarfe a Sin. Masu binciken kuwa suka dasa mata ƙwayoyin gado daga danginta, ta koma fitar da asiton, wanda mata ke goge jan farce da shi, da isopropanol na ruwan tsabtace hannu. Galibi daga man fetur ake samun su. Kiwon abin da ido bai gani ke nan, Kawu.

Yanzu duk na bi ta Malbaza, inda masana'antar siminti take, zuwa Konni sai na yi lissafi. Ƙona dutsen siminti kansa yana sakin kabon dayoksaid, amma shi kaɗai ba ya ƙosar da bakteriyar, sai da haidurojin, shi kuma sai da wutar lantarki mai yawa. Kun san halinmu da wuta lokacin bazara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya rasu kafin korona. Na yafe masa dariyar. Kuɗin gonar babanmu da na roƙa don in ƙaro karatu, ya ba ɗansa jari zuwa Abijan, wannan kam Inna ma har ta bar duniya tana faɗa. Yadda aka sayar da gonar, da wanda ya sa hannu, sai mako mai zuwa.